Na goge laftof ɗina zan dora sabon Windows ya yanke a hanya, yanzu 3F0 take nuna min

Tambaya: Assalamu alaikum injiniya. Ina da HP EliteBook 840 G5 tokumbo, ta fara nauyi tana maƙalewa, sai na karɓi filash ɗin abokina mai Windows 10 na ce bari in yi mata da kaina. Da farko ya ƙi, ya ce disk ɗin GPT ne, na kashe na sake shiga F9 na zaɓi filash ɗin a wani layi daban sai ya wuce. Na goge C da ƙananan fatishin ɗin nan, na bar D don furojet ɗina na ciki. Yana cikin dorawa sai ya yanke ya kawo 0x8007025D. Sau huɗu ina maimaitawa. Yanzu in na kunna ba filash sai ta rubuta Boot Device Not Found, Hard Disk 3F0. Mai gyara kallo kawai ya yi ya ce SSD ya mutu in kawo kuɗin sabo. Da gaske ya mutu?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanina. Tukuna dai, mai da kuɗinka aljihu. Ban ce mai gyaran nan ƙarya yake ba, zai iya yiwuwa SSD ɗin ne, amma ka ce kallo kawai ya yi, toh da kallo ba a gane wannan, ko ni da na shekara da shekaru ina kwance kwamfutoci in ka kawo min ita a haka sai na gwada kafin in buɗe baki. Wannan 3F0 da ta tayar maka da hankali abin da BIOS na HP, wato ƴar manhajar cikin madabod da ke fara tada kwamfuta, ke nufi da ita shi ne "na duba ban ga abin da zan tashi da shi ba", shikenan. Kuma gaskiyarsa, ai kai da hannunka ka goge ɗan ƙaramin fatishin ɗin nan da ake kira System ko EFI, wanda yawanci bai wuce 100MB ko 260MB ba, shi ke riƙe da fayilolin tada Windows, sabon kuma bai kai ga rubuta nasa ba ya faɗi a hanya. Ko SSD sabo dal daga kwali ka saka yanzu 3F0 ɗin nan za ta nuna maka, tunda shi ma ba komai a kansa. Sannan ka lura, filash ɗin ya ga disk ɗinka, ya nuna maka C da D, ya bari ka goge, har ya fara zuba fayiloli. Wanda ya mutu murus ko a jerin ba ya fitowa.

Kafin komai, furojet ɗinka. Kar ka ƙara danna Install ko sau ɗaya sai ka kwashe abin da ke D, don nan gaba zan ce ka share disk ɗin gaba ɗaya, kuma in da gaske SSD ɗin na kan hanyar mutuwa ne toh duk maimaitawar da kake yi ƙara matsa masa kake. Hanya mafi sauƙi da filash ɗin da ke hannunka ma za ka yi, ka tashi da shi, in ya kawo shafin farko na zaɓen harshe ka danna Shift da F10 tare, in bai buɗe ba ka haɗa da Fn, baƙin akwati zai fito, ka rubuta notepad ka danna Enter. A cikin Notepad ɗin ka je File ka danna Open, a ƙasa ka canza daga fayilolin rubutu zuwa All Files, sai ka shiga This PC, za ka ga duk fatishin ɗinka. Ka sa wani filash na biyu ko had-disk na waje, ka danna-dama a kan folda ka kwafa ka liƙa a can. Ba zai nuna maka sandar nan mai tafiya ba, zai yi kamar ya daskare, ka ƙyale shi aiki yake. Kuma harafin zai iya canzawa, D ɗinka ya koma C ko E, da girmansa da foldodin ciki za ka gane shi. In kana da filash mai Linux Mint ko Ubuntu ya fi daɗi, ka tashi da shi ba tare da ka dora ba ka kwashe kayanka kana gani. Abu ɗaya zai iya tare ka, in D ɗin a kulle yake da BitLocker, wato makullin disk na Windows, zai nemi lamba mai alƙaluma 48, ita kuma in an adana ta toh tana cikin asusunka na Microsoft, ka shiga da waya ka duba. Kuma don Allah ka buɗe fayil biyu uku a wata kwamfutar ka tabbatar suna buɗuwa kafin ka ce ka kwashe, SSD ba irin tsohon had-disk mai faifai ba ne da ake fomatin a dawo a tono, akwai wani abu da ake kira TRIM da ke sa abin da aka goge ya tafi da gaske, da wuya ya dawo.

Toh yanzu ainihin maganar, 0x8007025D. Wannan lambar a wurin Windows ma'anarta an miƙo masa matsattsen bayani ya zo warwarewa ya tarar a gurɓace. Shi Windows gaba ɗayansa a dunƙule yake cikin wani ƙaton fayil guda a filash, install.wim ko install.esd, ana ɗebo shi daga filash a zuba a RAM, a warware a can, sannan a rubuta a SSD. Kamar ɗan garuwa ne, ya ɗebo a rijiya, ya ɗauko a jarka, ya juye maka a randa, ka leƙa ka ga ruwa da datti. Rijiyar ce, ko jarkar, ko randar? Mai gyaranka ya ce a fasa randa a sayo sabuwa, alhali bai ko leƙa rijiyar ba. A abin da nake gani a teburina, wannan lambar filash ne ya fi jawo ta, ko fayil ɗin da aka zuba masa, sai RAM, shi SSD a ƙarshe yake zuwa, kuma Allah ya so ka a haka tsadar gwajin ma take tafiya, na farko kusan kyauta ne.

Akwai tambayar da ba ka amsa ba wadda ita ce rabin aikin, sau huɗun nan da ka yi, a wuri ɗaya yake yankewa ko yana canzawa? In kullum a kaso ɗaya yake tsayawa, misali duk sanda ya kai 61 sai ya faɗi, toh akwai wurin da ya lalace a filash ɗin ko a fayil ɗin, duk sanda ya iso nan sai ya yi tuntuɓe. In kuwa yanzu ya faɗi a 23, anjima a 78, wani lokacin ma lambar ta canza ta koma 0x80070570 ko 0xC0000005, ni RAM nake fara zargi, ko kuma ramin USB ɗin ya saki yana rawa. Ba doka ba ce, amma ta sha fisshe ni.

Maganar filash kam sai dai haƙuri. Filash ɗin aboki da ya zaga hostel, wannan ya zuba fim wancan ya cire ba tare da Eject ba, an kai shi shagon firintin ya kwaso abin da ya kwaso, ba abin dogaro ba ne. Ga kuma na bogi da suka cika kasuwa, a rubuta 64GB a jiki kwamfuta ma ta nuna 64GB amma ainihin cikinsa bai kai kwata ba, kana zuba kaya yana karɓa yana murmushi, ashe in ya cika sai ya dawo yana taka na farko, fayil yana nan da sunansa da girmansa amma cikinsa shirme. Akwai ƴar manhaja kyauta H2testw, tana cika filash da bayanai ta dawo ta karanta, in na bogi ne nan take asirinsa zai tonu. Sai shi kansa fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin Windows da ake saukewa a haɗa filash da shi, da irin netwok ɗinmu mutum yana saukewa ya yanke ya ci gaba ya yanke, ko a tura shi daga waya zuwa waya har hannu biyar, ƙwaya ɗaya ta goce ya isa. Microsoft na sa lambobin SHA256 a shafin da ake sauke ISO ɗin, ka buɗe PowerShell a wata kwamfuta ka rubuta Get-FileHash da hanyar fayil ɗin, in lambar da ta fito ta yi daidai da tasu toh fayil lafiya lau, in ko harafi ɗaya ya bambanta jefar da shi. Sannan waɗannan Windows da ake yi wa aski, a ce maka Lite ne ko Super ne ba ya cin RAM, an riga an kunna masa lasisi, ni ba na dora wa kowa, ba ka san me aka cire ba, ba ka kuma san me aka cusa ba, kuma a kwamfutar za ka shiga asusun bankinka.

Wani abin da ke kama mutane, su buɗe ISO su kwafe fayilolin kai tsaye zuwa filash mai FAT32. Shi FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai 4GB, install.wim na yanzu kuma ya wuce haka, sai a bar shi a baya ko ya tafi a gutsure. Shi ya sa ake amfani da Media Creation Tool na Microsoft ɗin kansu, ko Rufus, su sun san yadda suke zagaye wannan.

Saboda haka nemo filash mai kyau, 8GB shi ne mafi ƙanƙanta amma in da hali 16GB, ka haɗa sabo. Kuma tunda za ka ƙona data ai gara ka ƙona ta a kan Windows 11, don Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, laftof ɗinka kuma ta cancanta, 840 G5 yawancinsu Intel zubi na 8 ne, akwai TPM 2.0, wato ƴar na'urar tsaron da Windows 11 ke buƙata, daga nan ne jerin waɗanda Windows 11 ya yarda da su ya fara. Ka dai duba sitikar da ke jiki, in ka ga i5-8250U ko 8350U ko i7-8650U ka haye, akwai ƴan kaɗan da suka zo da zubi na 7. Masu G3 da G4 su ne sai an bi ta bayan gida da Rufus a cire sharaɗin, yana hawa yana aiki amma Microsoft ba ta ɗau alkawarin komai a kansu ba. Fayil ɗin ya haura 5GB, ka tanadi data ta isa ko ka je inda ke da wayfay mai ƙarfi. A Rufus, wurin Partition scheme ka zaɓi GPT, Target system ya zama UEFI, sauran ka bar su yadda suke. In ka zo dorawa ka canza rami, ka sa a ɗaya gefen, kai tsaye a jikin laftof ba ta hob ba, ka cire maus da duk wani abu da ke maƙale.

Bari in koma kan GPT ɗin nan da ya fara tare ka, don ka yi sa'a ne ka wuce ba tare da ka san me ya faru ba. Hanya biyu ce kwamfuta ke tashi, tsohuwar da ake kira Legacy, da sabuwa UEFI. Tsarin raba disk ma biyu ne, MBR tsoho wanda bai wuce manyan fatishin huɗu da 2TB ba, da GPT. Windows ya ɗaura musu aure ne, Legacy da MBR, UEFI da GPT, ba ya yarda a haɗa su a gicciye. Da ka danna F9 filash ɗinka sau biyu ya fito, ɗaya a ƙarƙashin Legacy ɗaya a ƙarƙashin UEFI, karon farko ka shiga ta tsohuwar ƙofa shi ya sa ya ce ba zai hau GPT ba, karo na biyu ka shiga ta daidai. Da yawa a nan suke ɓata, su je YouTube a ce musu su mai da disk MBR, su share komai har da D, alhali layi kawai za su canza. Tunda har Legacy ya fito maka, a kunne yake a BIOS ɗinka, watakila wanda ya sayar maka ne ya kunna. Ka kunna laftof kana danna Esc, ka shiga F10, ka mai da saitin zuwa na kamfani, sannan a Advanced wurin Secure Boot ka zaɓi wanda ke kashe Legacy Support ya kunna Secure Boot, zai iya nuna maka lamba huɗu ya ce ka rubuta ka danna Enter, ka rubuta. In filash ɗin ya ƙi tashi da Secure Boot a kunne ka kashe shi na ɗan lokaci, Legacy dai ya zauna a kashe, in ka gama ka mayar. Kana ciki ka kalli kwanan wata da agogo, in ka ga ta koma wata shekara can baya toh ƙaramin batirin madabod ya mutu, duk saitin da ka yi zai iya gogewa da ta rasa wuta.

Tun kana jiran ISO ya sauka ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Kunna, danna Esc, sannan F2. HP na da likitanta a ciki. Tunda ka goge fatishin ɗin EFI mai yiwuwa cikakken ba zai fito ba, ƙaramin da ke cikin BIOS ne zai fito, amma shi ma yana da gwajin RAM da na disk, su kuma muke nema. Yi na disk, mai sauri da mai tsawo, sannan na RAM, shi ma ka yi mai tsawon kar ka tsaya a mai sauri. In ya rubuta FAILED zai ba ka wata doguwar lamba, ɗauki hotonta. Masu Dell nasu yana cikin F12 wurin Diagnostics. In na HP ya ce RAM lafiya amma har yanzu dorawa na faɗuwa da sabon filash, kar ka yarda da shi ɗari bisa ɗari, sa MemTest86, manhajar gwada RAM, a filash ka bar shi ya kwana yana zagaye huɗun nan nasa, jan layi ko ɗaya ya fito magana ta ƙare.

Akwai ma gwajin da ya fi wannan sauri in hannunka ba ya rawa. 840 G5 ramin RAM biyu gare ta, DDR4. Kashe ta, cire caja, kwance murfin ƙasa, zare igiyar batir daga madabod tukuna, wannan kar ka tsallake shi. In RAM biyu ne a ciki cire ɗaya ka gwada dorawa da ɗaya, in ya faɗi ka musanya, in guda ne ka mai da shi ɗaya ramin. Ka goge haƙoran zinaren nan da abin goge fensir a hankali, ka hure, ka mayar har sai ka ji ƙarfen gefe biyu sun kama ƙas. Ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta sa RAM ya riƙa ɓata lissafi, ga zafinmu. Kuma su tokumbo ɗin nan sau da yawa ba da RAM ɗinsu na asali suke isowa hannunka ba, a tari ake kawo su, a cire na wannan a sa wa wancan don a cika 16GB a ƙara kuɗi, sai ka ga kamfani daban gudu daban an haɗa su zaman dole. Na taɓa karɓar wata da mai ita ya riga ya sayi SSD har biyu a wani wuri, kowanne aka saka Windows ya faɗi a hanya a ce masa ai wannan ma jabu ne, ya zo min ransa a ɓace da SSD uku a leda. RAM ɗaya na zare, Windows ya hau kan tsohon SSD ɗinsa na asali lafiya ƙalau. Wallahi har kunyar faɗa masa na ji.

Yaushe za mu yarda da mai gyara? In gwajin F2 ya ce disk FAILED, ko kana kunnawa ta kawo SMART Hard Disk Error 301, ko SSD ɗin yau ya fito a jeri gobe ya ɓace, ko kana goge fatishin ka risitat ka tarar ya dawo kamar ba ka taɓa ba, wannan na ƙarshen alama ce SSD ya kulle kansa ya koma sai karatu ba rubutu, wasu haka suke yi in sun zo gangara, kuma gata ya yi maka don ka samu ka kwashe kaya. Ko a nan ɗin ma ka fara zare shi ka mayar, dunƙule ɗaya ke riƙe da shi, laftof da ke shan jijjiga a jaka a bayan adaidaita yana iya ɗan gocewa. In ka san wanda ke da gidan USB da ake saka irin wannan siririn SSD ɗin da ake kira M.2, ka sa shi a wata kwamfuta ka duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo, sai dai ba kowane gida ke bari a karanta ba. In ta tabbata sai ka saya, ka cire tsohon ka tafi da shi kasuwa a hannu, don M.2 iri biyu ne, SATA da NVMe, kusan kamarsu ɗaya a ido, ka karanta abin da ke jikin naka, kuma a dora Windows a gabanka ya gama kafin ka biya.

Toh in kaya sun fita, sabon filash ya haɗu, BIOS ya daidaita, ga yadda za ka yi dorawar. Caja a jiki, kuma ka tabbatar wutar za ta kai, in batirinka irin na minti goma ne kar ka fara da wutar NEPA kana addu'a, bari sai an tada janareta ko ka je inda ke da sola, yankewar wuta a tsakiya dawo da kai farko za ta yi. F9, zaɓi filash a ƙarƙashin UEFI. A shafin farko Shift da F10, rubuta diskpart, sannan list disk. Nan fa ka buɗe ido, zai jero disk da lambobi, SSD ɗinka da filash ɗin kansa duk suna ciki, da girma za ka bambance, mai 238GB ko 476GB shi ne SSD, mai 14GB ko 29GB filash ne. Yawanci SSD ne Disk 0 amma kar ka ɗauka, duba. Na ga wanda ya share filash ɗin da yake tsaye a kai, na ga wanda ya share had-disk ɗin da ya gama kwashe kayansa a ciki don ya manta bai cire ba, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Cire shi tun kafin ka fara. Sai select disk 0 in shi ne, sannan clean, ba zai tambaye ka ko ka tabbata ba, daƙiƙa biyu komai ya tafi har D, sai convert gpt, sai exit. In clean ɗin kansa ya kawo kuskuren I/O toh wannan ƙuri'a ce babba a kan SSD.

Ka ci gaba, in ya nemi lambar lasisi ka ce ba ka da ita, laftof irin wannan tun zamanin Windows 8 a 2012 lasisinsu a cikin madabod yake, shi zai ɗauko abinsa, sau da yawa ma ba ya tambaya, EliteBook kuma galibi Pro ne. Wurin zaɓen disk za ka ga fili guda Unallocated, kar ka ƙirƙiri komai, zaɓe shi ka danna Next, shi zai yanka EFI da MSR mai 16MB da sauran da kansa. In kana son D daga baya ka yanka a Disk Management. In ya gama kwafa ya ce zai risitat cikin daƙiƙa goma, da sikirin ya yi baƙi zare filash ɗin, in ba haka ba wasu kwamfutocin sai su sake tashi da shi su kawo ka shafin farko, mutum ya ɗauka faɗuwa ya yi ya sake gogewa, a yi ta zagaye kamar jakin rijiya.

Ga masu karantawa da tasu matsalar ta ɗan bambanta, wato an zo wurin zaɓen disk an tarar wayam, ya ce bai ga ko ɗaya ba, in laftof ɗin Intel zubi na 11 ne zuwa sama yawanci wani saitin disk na Intel da ake kira VMD ne ya ɓoye shi, sai a sauke direban Intel RST daga shafin kamfanin laftof ɗin a warware a filash a danna Load driver, ko a kashe VMD a BIOS in akwai wurin. A Dell Latitude kuma ka duba SATA Operation, in yana RAID On ka mai da shi AHCI. SSD nawa aka yi wa jana'iza da ransu a kan wannan, Allah kaɗai ya sani. Kai taka ba ta da wannan matsalar tunda ta ga disk.

Bayan ya hau, Windows 11 zai nace sai ka haɗa intanet, in bai ga wayfay ba saboda direba, sa kebul ɗin waya ka kunna USB tethering, zai ɗauke shi kamar kebul ɗin netwok ne, ko ka sa kebul ɗin LAN tunda G5 na da ramin. Tsohuwar dabarar tsallake haɗa intanet ta oobe\bypassnro Microsoft na ta ƙoƙarin toshe ta, kar ka dogara da ita, in ba ka son asusun Microsoft tun a Rufus akwai akwatin da za ka yi wa alama. In kuma ka shiga da asusun, ka sani tun daga 24H2 Windows na iya kulle disk da BitLocker da kansa ba tare da ya yi maka shela ba, ka shiga asusunka ka kwafi lambar nan 48 a takarda ka ajiye. Sai abu na ƙarshe da ke faruwa da tokumbo, kana haɗa intanet ka ga ta kawo sunan wani kamfani na Turai ko Amurka ta ce ka shiga da imel ɗin ma'aikaci. Wannan Autopilot ne, kamfanin da ya yi amfani da ita bai cire ta daga rajistarsa ba, fomatin sau ɗari ba ya cire shi don ba a disk yake ba, a sabar Microsoft yake haɗe da lambar na'urar, in ka ga haka wurin wanda ya sayar maka za ka koma.

Abin da ya ɗan tsaya min a rai shi ne farkon maganarka, ka ce tana nauyi tana maƙalewa tun kafin ka taɓa ta. 840 G5 mai SSD bai kamata ta yi nauyin da zai sa a yi mata Windows ba, sai in an cika ta da tarkace ko fanka ta toshe da ƙura. Saboda haka ko da sabon filash ya wuce lafiya, ka daure ka yi gwajin F2 ɗin nan duka biyun. Ka dawo ka gaya min abu uku, kason da yake yankewa ɗaya ne ko yana canzawa, me F2 ya ce a kan RAM da disk, sannan lokacin da take maƙalewar tana kawo shuɗin sikirin ko a'a, in tana kawowa ko ka tuna an rubuta MEMORY_MANAGEMENT a ƙasa.